Fashin Baƙi: Me ya sa sabar biyu ba sa isa, kuma wa ke da ikon rubutu a rumbun haɗaka?

Tun da Broadcom ya kammala sayen VMware a watan Nuwamban 2023, ya kuma daina sayar da lasisin dindindin ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci, ƙananan ma'aikatu da dama suka fara kwashe kayansu daga manhajar VMware zuwa Proxmox VE da makamantansa, wato manhajojin da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin sabar guda, babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Tare da wannan ƙaura wata tambaya ta yi ta yawo a bakin masu kula da na'urori: na sayi sabar biyu ne don in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe aiki, to me ya sa da na kashe ɗaya, wadda ta rage ta ƙi tayar da komai, wani lokacin ma ita ma ta kashe kanta ta sake tashi? Wasu sun ɗauka aibi ne a manhajar. Wasu kuma sun tsinci wani umarni mai layi ɗaya, pvecm expected 1, da ke sa ta ci gaba da aiki, suka riƙe shi a matsayin magani. Gaskiyar lamari, na'urar da ta ƙi motsi ta yi abin da aka gina ta a kai, kuma wancan umarni, in aka buga shi ba a lokacinsa ba, shi ne hanya mafi sauri ta lalata bayanan ma'aikata.

Abin da gungu ya yi alkawari

Gungu a nan na nufin sabar biyu, uku ko biyar da aka haɗa suna aiki kamar abu ɗaya. A cikinsu ake gudanar da kwamfutocin ciki da ake kira VM: ɗaya tana riƙe da rajistar marasa lafiya, wata da lissafin albashi, wata da shafin ɗalibai. Alkawarin gungun shi ne in sabar ta faɗi, za a tayar da VM ɗinta a kan wata. Tayarwa ce sabuwa, kamar an zare wa kwamfuta wuta an mayar. Duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi a lokacin ya tafi, kuma a Proxmox ganowa da tayarwar kan ci kamar minti 2, ban da lokacin da VM ɗin kanta za ta ɗauka kafin ta kammala tashi.

Kafin wannan alkawari ya cika sai abubuwa uku sun tsaya da ƙafarsu: sabar da ta rage ta samu faifan VM ɗin, ta samu izinin tayar da shi, kuma ta tabbata wadda ta ɓace ba ta ci gaba da rubutu a kan faifan. Yawancin masu sayen kaya na farkon kaɗai suke kasafta wa kuɗi.

Lissafin rinjaye

Sabar ba ta ganin 'yar'uwarta da ido. Abin da take da shi kawai saƙonnin da ke kai-komo a waya. A Proxmox da kuma Pacemaker, wata manhajar kula da gungu ta Linux, manhajar Corosync ce ke wannan aiki: tana zagaya wata 'yar alama daga na'ura zuwa na'ura, in alamar ta yi daƙiƙa kaɗan ba ta dawo ba, sai a ɗauka wani ya fita daga zama. Matsalar ita ce shiru ba ya bayyana dalilinsa. Ko 'yar'uwar ta ƙone, ko kebul ne kawai ya zare, ko suwic ɗin da ke tsakaninsu, akwatin da ke haɗa wayoyinsu, shi ne ya sake tashi, duk iri ɗaya ne a wurin mai sauraro.

Shi ya sa aka kawo ƙuri'a. Kowace sabar tana da ƙuri'a 1, kuma ɓangaren da ke da fiye da rabin jimillar ƙuri'u ne kaɗai ke da ikon yanke hukunci. Wannan shi ne kworam. A gungu mai sabar 3, ana buƙatar 2. Mai 5, ana buƙatar 3. Mai 4 ma 3 ake buƙata, don haka ƙarin sabar ta huɗu bai ƙara yawan mutuwar da gungun zai jure ba: mai 3 da mai 4 duk sabar guda kawai suke iya rasawa. Mai 2 kuwa, fiye da rabin 2 shi ne 2. Da zarar ɗaya ta ɓace, wadda ta rage tana da rabi cif, rabi kuma ba rinjaye ba ne.

Wanda ke bin siyasar Najeriya zai gane hikimar cikin sauƙi. Kundin tsarin mulki ya ce kashi 1 cikin 3 na 'yan majalisa ya isa a yi zama. Shi ya sa in rikici ya ɓarke a majalisar jiha, ɓangarori biyu kan iya zama a wurare daban, kowanne yana iƙirarin ya cika adadi, kowanne da nasa shugaban. Da doka ta ce sai fiye da rabi, da ba yadda za a yi zama biyu su cika a lokaci guda. Wannan tabbaci kaɗai gungu ke nema daga lissafin: kada a taɓa samun ɓangarori biyu masu iko.

A Proxmox, sabar da ta rasa kworam tana mayar da babban fayil ɗin saituna na /etc/pve zuwa karatu kawai. Ba a tayar da sabuwar VM, ba a sauya saiti. VM ɗin da ke gudana suna ci gaba, in dai ba a sa su ƙarƙashin tsarin tayarwa ta atomatik ba. In kuwa an sa su, sabar za ta sake tayar da kanta bayan kamar daƙiƙa 60. Ma'ana, gungu mai sabar 2 da aka kunna wa wannan tsari ba tare da ƙuri'a ta uku ba ya fi sabar guda rauni, domin mutuwar kowace daga cikinsu tana kayar da duka biyun.

Rabuwar kai, daki-daki

A ɗauka akwai sabar A da B, dukansu suna haɗe da rumbun faifai ɗaya ta iSCSI, hanyar amfani da faifai ta wayar sadarwa, kuma VM mai riƙe da ma'ajiyar bayanai tana gudana a kan A. Wayar Corosync ta yanke, amma wayar rumbu tana nan lafiya. Mai kula ya shiga B, ya ga alamar A ta yi ja, ya buga pvecm expected 1, wato ya gaya wa B cewa ƙuri'a 1 ta isa. Sai ya tayar da VM ɗin a kan B.

Yanzu kwamfutoci biyu ne ke rubutu a faifai ɗaya, kuma kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce. Tsarin fayil irin ext4 ko XFS yana ajiye taswirar guraben da ba kowa a ƙwaƙwalwarsa. A ta ga gurbi mai lamba kaza fanko ne, ta zuba lissafin albashi a ciki. B ma a tata taswirar gurbin fanko ne, sai ta zuba wani abu a kansa. Kowacce tana rubuta littafin bin diddigi a wuri ɗaya, tana take na 'yar'uwarta. Ba ƙara, ba jan haske. Ma'aikata na iya yin awanni suna aiki kafin ma'ajiyar ta fara ƙorafin shafuka da suka lalace, kuma a lokacin manhajar gyaran faifai ba ta da abin da za ta iya, sai dai ta share abin da ba ta gane ba. Mafita ɗaya ce: komawa kwafin ajiya na jiya.

In kowace sabar tana da nata faifan kuma kwafi ake aikawa tsakaninsu, ɓarnar tana zuwa da wata fuska. Faifai biyu ne lafiyayyu, amma labarinsu ya sha bamban: wannan yana da rasit ɗin safe, wancan yana da na rana, kuma dole a zubar da ɗaya ko a zauna a haɗa su da hannu. Manya ma ba su tsira ba. A ranar 21 ga Oktoban 2018, hanyar sadarwa ta GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, a gabashin Amurka ta yanke na daƙiƙa 43 kacal. Tsarin tayarwa ta atomatik ya mayar da shugabancin ma'ajiyar MySQL zuwa cibiyar yammacin ƙasar, aka wayi gari kowane ɓangare yana da rubutun da ɗayan ba shi da shi. Daidaita lamarin ya ci awa 24 da minti 11.

Ƙuri'a ta uku ba sai da sabar ta uku ba

Mai ƙaramin kasafi ba dole ne ya sayi sabar ta uku ba. Abin da yake buƙata mai raba gardama ne: ƙaramar na'ura da ba ta ɗaukar VM ko ɗaya, aikinta kawai ta ba da ƙuri'a. A Corosync sunanta QDevice. Ana girka corosync-qnetd a kan na'urar waje, a girka corosync-qdevice a kan sabar biyun, sannan daga ɗaya cikinsu a buga pvecm qdevice setup tare da adireshin na'urar wajen. Bayan haka pvecm status zai nuna jimillar ƙuri'u 3, ana buƙatar 2. Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfutar ofis mai Debian ta wadatar. Tana magana ne ta TCP a kan tashar 5403, kuma ba ta da tsananin buƙatar saurin da Corosync ke da shi, don haka ana iya ajiye ta a wani gini ko wani gari.

In A da B suka daina jin juna amma dukansu suna jin mai raba gardama, zai ba ɗaya kaɗai ƙuri'arsa, bisa tsarin da ake kira ffsplit, wanda a rabuwar rabi da rabi yakan fifita mai ƙaramar lamba in ba a saita wani abu daban ba. Wadda ta samu tana da 2 cikin 3, ta ci gaba. Ɗayar ta janye.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wurin ajiye shi. Wasu kan mayar da shi VM a cikin gungun kansa, wanda ba shi da amfani ko kaɗan, domin ranar da sabar da ke ɗauke da shi ta mutu, ƙuri'u 2 ne suka tafi tare. Wasu kan jona shi a soket ɗaya da sabar A, sakamakon kuma ɗaya ne. Sannan mutuwarsa ba ta da hayaniya: gungun yana da 2 cikin 3, komai na tafiya, ba wanda ya lura, har sai ranar da aka kashe sabar ɗaya don gyara aka tarar an koma gidan jiya. Dole a sa masa faɗakarwa kamar kowace sabar. Ga gungu mai adadin mara, kamar 3 ko 5, Proxmox ba ya ba da shawarar ƙara shi, kuma kafin a ƙara ko a cire sabar daga gungu sai an fara cire shi da pvecm qdevice remove.

Ba Linux kaɗai ke da wannan tunani ba. Gungun Windows Server yana da shaida ta faifai, ta babban fayil ɗin tarayya, da ta gajimare tun sigar 2016. vSAN na VMware mai sabar 2 ma yana buƙatar na'urar shaida ta daban.

Masu Pacemaker suna da wata hanya: saitin two_node: 1 a Corosync, wanda ke ba kowace sabar damar ɗaukar kanta mai kworam ita kaɗai. Yana kunna wait_for_all tare da shi, don kada sabar da ta tashi ita kaɗai ta fara aiki kafin ta ga 'yar'uwarta ko sau ɗaya. A wannan tsari ƙuri'a ba ta kare komai, duk nauyin ya koma kan killacewa.

Killacewa: ba a gadon mai rai

Kworam yana gaya wa ɓangaren da ya yi rinjaye cewa shi ke da iko. Ba ya hana wanda ya sha kaye ci gaba da rubutu. Sabar da ta daskare na daƙiƙa 40 saboda matsalar faifai ko ƙwaƙwalwa tana iya farfaɗowa ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta san an riga an raba gadonta ba. Killacewa ita ce tabbatar da cewa ta mutu da gaske, ko an raba ta da rumbu, kafin kowa ya taɓa kayanta.

Proxmox ya zaɓi kowace sabar ta kashe kanta. Akwai agogon gadi da ke ƙirga daƙiƙa 60 a baya-baya, kuma muddin sabar tana da kworam, manhajar tana mayar da shi farko a kai a kai. In kworam ya tafi, ta daina, agogon ya ƙare, na'urar ta sake tashi ba shawara. Sauran suna jira har lokacin ya wuce kafin su tayar da VM ɗinta, kuma wannan jira shi ne babban kaso na mintuna 2 da aka ambata. Agogon da ke zuwa a kunne shi ne softdog, na cikin manhaja. Sabar da ke da na cikin allo, irin na IPMI ko na Intel TCO, ta fi aminci da shi, domin ba ya dogara da lafiyar tsarin da ake so ya kashe.

A Pacemaker sunan abin STONITH, kuma galibi sabar ce ke aika umarni zuwa katin sarrafa 'yar'uwarta, irin iDRAC na Dell ko iLO na HPE, ta kashe mata wuta. Tarko biyu ne a nan. Na farko, a gungu mai 2 kowacce tana iya harbin ɗayar a lokaci guda, duka su faɗi. Maganinsa a sa wa ɗaya jinkiri da pcmk_delay_base, ko da daƙiƙa 10 ne, don a san wadda za ta riga. Na biyu ya fi cizo: in wuta ce ta ɗauke wa sabar gaba ɗaya, katin sarrafa ta ma ya mutu, umarnin kashewa ba ya samun amsa, gungun kuma ya tsaya yana jira don bai samu tabbaci ba. Saboda haka ake ƙara hanya ta biyu, kamar SBD, inda ake rubuta wa sabar saƙon mutuwa a wani ɗan gurbi na faifan tarayya, agogon gadi ya cika aikin, ko kuma fence_scsi da ke sa rumbun da kansa ya ƙi karɓar rubutunta.

Jagorori da yawa a intanet suna farawa da stonith-enabled=false don a wuce wurin da sauri. A ɗakin gwaji ba laifi. A kan bayanan jama'a ganganci ne, kuma Red Hat ba ya ba da tallafi ga gungun da ba shi da killacewa.

Ina faifan yake?

Hanya mafi sauƙi ita ce NAS, wato akwatin faifai da ke jone da wayar sadarwa, guda a tsakiya, ana raba shi ta NFS ko iSCSI. Yana aiki, kuma VM tana ƙaura cikin sauri tunda faifanta ba ya motsi. Amma an sayi sabar biyu don gudun dogaro da abu ɗaya, sai aka ɗora su duka a kan akwati ɗaya mai allo ɗaya. Wanda ya zaɓi wannan da saninsa, ya sayi mai kwantirola biyu da layin wuta biyu, ya kuma saita multipath don iSCSI ya samu hanyoyi biyu. A kan iSCSI, LVM na gargajiya, tsarin rarraba faifai na Linux, ake amfani da shi a matsayin na tarayya, ba LVM-thin ba, kuma ba a taɓa ɗora ext4 ko XFS a buɗe shi daga sabar biyu. Mai son fayiloli na tarayya kai tsaye sai GFS2 ko OCFS2, su kuma suna zuwa da nasu tsarin kulle-kulle da ke ƙara nauyin kulawa.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi dacewa da yawancin masu sabar 2, ita ce kwafin ZFS, wani tsarin fayil mai iya aika sauye-sauyensa zuwa wata na'ura. Kowace sabar da faifanta, sunan tafkin ZFS, wato rukunin faifansa, iri ɗaya a duka biyun, Proxmox kuma yana aika abin da ya sauya lokaci-lokaci: kowane minti 15 in ba a taɓa saitin ba, ana iya rage shi har zuwa minti 1. Ba akwatin tsakiya, ba buƙatar waya mai tsada. Farashinsa a bayyane yake: in A ta mutu, VM za ta tashi a kan B da kwafi na ƙarshe, duk abin da aka rubuta bayansa ya tafi. Ga shafin makaranta wannan ba komai ba ne. Ga wurin karɓar kuɗi, minti 5 na rasit da suka ɓace rigima ce da abokan ciniki. Wannan hukunci na shugaban ma'aikata ne, ba na mai kula da na'ura ba, kuma ya kamata a tambaye shi a fili tun kafin a girka.

DRBD, manhajar da ke kwafe rubutu tsakanin faifan sabar biyu, ta kamfanin LINBIT da ke Biyana a ƙasar Ostiriya, wanda ya shiga cikin Linux tun sigar 2.6.33 a 2010, yana toshe wannan giɓi. A tsarinsa na C, ba a ce wa VM an rubuta sai faifan sabar biyun sun amsa. Ba a rasa komai, amma kowane rubutu yana jiran waya. Siga ta 9 tana da nata kworam, kuma tana karɓar na'ura ta uku marar faifai a matsayin mai raba gardama. In an bar shi ba wannan, rabuwar kai tana ƙarewa ne da mutum ya zaɓi wadda za a sadaukar, ya buga mata drbdadm connect --discard-my-data, wanda ke zubar da duk abin da ta rubuta tun rabuwar.

Sai Ceph, tsarin da ke haɗa faifan sabar da yawa su zama rumbu ɗaya, wanda ake yawan sha'awa kuma ake yawan girka shi a inda bai dace ba. Ceph yana da nasa majalisar daban, ta masu sa ido da ake kira MON, masu bin tsarin Paxos, kuma ƙuri'ar QDevice ba ta shiga lissafinsu. Mai sabar 2 da Raspberry Pi ya warware kworam na Corosync, bai warware na Ceph ba. Saitin da aka saba shi ne kwafi 3, kuma ba a karɓar rubutu sai aƙalla 2 suna nan. Rage shi zuwa kwafi 2 da mafi ƙaranci 1 don ya shiga sabar biyu yana nufin akwai lokacin da bayanai za su rataya a faifai ɗaya tak.

Ko a sabar 3 akwai lissafin da ba a cika yi ba. In kowacce tana da TB 4, jimilla 12, abin amfani 4 ne, kuma Ceph yana fara gargaɗi a kashi 85 cikin 100, ya daina karɓar rubutu a kashi 95. In sabar guda ta mutu, ba wurin da za a sake gina kwafi na uku, gungun zai zauna da 2 har ta dawo. In kuma faifai ɗaya ne ya mutu, bayan minti 10 Ceph zai fara zuba kayansa a kan sauran faifan wannan sabar ɗin. Mai faifai 2 a kowace sabar da ya cika su zuwa rabi, wanda ya rage ba zai iya ɗaukar kayan ba. Mai faifai 4 yana da sarari har wajen kashi 64. Ƙananan faifai da yawa sun fi manya biyu. A ƙara da waya mai gigabit 10, wajen GB 4 na ƙwaƙwalwa ga kowane faifai, da SSD masu kariyar ɗaukewar wuta, domin na kasuwa da ake sa wa kwamfutar gida suna rarrafe in aka tilasta musu tabbatar da kowane rubutu.

Waya da wuta

Corosync ba ya cin waya, amma ba ya haƙuri da jinkiri. Proxmox yana son ƙasa da milisakan 5 tsakanin sabar. Abin da aka fi gani shi ne an haɗa Corosync da rumbu da kwafin ajiya a kebul ɗaya. Da ƙarfe biyun dare kwafin ajiya ya fara, wayar ta cushe, alamar ta makara, kowace sabar ta ga ta rasa kworam, agogon gadi ya kayar da su duka. Da safe a tarar ba abin da ya lalace, amma komai ya sake tashi. Katin gigabit 1 da aka keɓe wa Corosync kaɗai ya magance wannan. Tun siga ta 3 yana karɓar hanyoyi har 8, don haka a ba shi aƙalla biyu ta suwic daban-daban. A sabar 2, kebul kai tsaye daga wannan zuwa waccan ya isa hanya ta biyu. Ɗaure katuna biyu da LACP ba madadin hakan ba ne: a saitinsa na jinkiri yana iya ɗaukar daƙiƙa 90 kafin ya gane hanya ta mutu, agogon gadi kuwa 60 yake jira.

Ga wanda ke aiki a Kano ko Maradi, inda sauyawa daga wutar gari zuwa janareta abu ne na kullum, wuta ce babbar mai raba kai. Sau da yawa sabar suna kan UPS amma suwic ɗin yana jone a bango. Wuta ta ɗauke, sabar suna raye, suwic ya mutu, kuma suwic mai manhajar sarrafawa kan ci minti ɗaya ko fiye kafin ya gama tashi bayan janareta ya kama. Hakan ya isa ya kayar da gungun duka. Suwic, NAS da mai raba gardama duk su hau UPS, kuma sabar biyu kada su rataya a UPS ɗaya. Batirin agogon allo ma abin dubawa ne: sabar da ta tashi da kwanan wata na bogi tana rikita Ceph, wanda ke ƙorafi in agogon masu sa idonsa ya saɓa da fiye da daƙiƙa 0.05. A sa Chrony, manhajar daidaita agogo, a kan kowacce, da tushen lokaci ɗaya.

In za a kashe gungun gaba ɗaya saboda batir ya kusa ƙarewa, akwai tsari. A kashe VM, a tsayar da pve-ha-lrm a kan duka sabar sannan pve-ha-crm, wato manhajojin tayarwa ta atomatik, mai Ceph ya buga ceph osd set noout, sannan a kashe na'urorin. In ba haka ba, ta ƙarshe za ta ga ta rasa kworam ta sake tayar da kanta a daidai lokacin da ake son ta kwanta.

Inda ra'ayi ya rabu

Akwai ƙwararrun da ke cewa ƙaramar ma'aikata ba ta da buƙatar tayarwa ta atomatik sam. Hujjarsu ita ce sabar zamani ba ta cika mutuwa ba, abin da ya fi kayar da ƙaramin gungu shi ne gungun kansa: saiti mara kyau, waya da ta cushe, agogon gadi da ya harba ba dalili. A wurinsu sabar biyu da kwafin ZFS da mutum mai tayarwa da hannu sun fi kwanciyar hankali. Ɗaya ɓangaren na cewa mutumin nan yana barci, yana tafiya, wayarsa na mutuwa, asibiti kuma ba ya rufewa da dare.

Lissafi yana taimakawa. Samuwar aiki ta kashi 99.9 cikin 100 tana nufin kusan awa 9 na tsayawa a shekara, ta 99.99 kuma kusan minti 53. Ofishin da ke rufewa ƙarfe biyar zai iya rayuwa da ta farko ba tare da atomatik ba. Wurin da layin marasa lafiya ko na masu biyan kuɗi ke tsayawa da zarar allo ya daskare, shi ne ya cancanci wahalar. Kuma duk wanda ya zaɓi atomatik ya tuna da ƙwaƙwalwa: a sabar 2, kowacce kada ta wuce rabin abin da take iya ɗauka, a sabar 3 kada ta wuce kashi 2 cikin 3, in ba haka ba ranar da ɗaya ta faɗi VM ɗinta ba su da masauki. Gungu kuma ba kwafin ajiya ba ne. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko wanda manhajar 'yan fansa ta kulle, ana kwafe shi zuwa ɗaya sabar da aminci iri ɗaya da lafiyayyen fayil.

Gwaji, da ranar da ya halatta a tilasta

Kafin a ɗora aikin gaske, a gwada da VM ta banza mai rubuta lokaci a fayil kowace daƙiƙa. A zare wutar A kai tsaye, ba kashewa ta ladabi ba, a ƙirga lokacin da VM ta ɗauka kafin ta tashi a B, a duba layuka nawa suka ɓace a fayil ɗin. A mayar, a zare wayoyin Corosync na A kaɗai a bar na rumbu, a tabbata A ta kashe kanta kafin B ta taɓa faifan. A kashe mai raba gardama a ga ko faɗakarwa ta iso. A kashe suwic. Sannan a kashe komai a kunna sabar ɗaya kawai, a ga abin da za ta yi.

Umarnin pvecm expected 1 yana da ranarsa: sabar ɗaya ta lalace, mai raba gardama ma ba ya nan, aiki kuma dole ya tashi. Sharaɗinsa mutum ya je da ƙafarsa gaban wadda ta lalace, ya zare wayoyin wutarta duka biyu, ya manna takarda a jikinta cewa kada a kunna. Jan alama a allo ba shaida ba ce, rashin amsa ping ma haka. Mai kwafin ZFS ya duba lokacin kwafi na ƙarshe ya rubuta shi kafin ya tayar da komai, don a san rasit na wane lokaci za a sake shigarwa. In an gyara wadda ta lalace, a fara kunna ta da wayar Corosync a jone, a duba pvecm status ya nuna ƙuri'u sun cika, a tabbata kwafi yana tafiya daga mai sabon bayani zuwa mai tsoho, sannan a mayar mata da VM ɗinta.